Rumasa'u, Marubuciyar da Gure Ba Ta Karanta Ba

Ni da Rumasa'u mun koyar a lakwal ɗaya, wato makarantar boko, a nan Gure, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Abin da zan faɗa a kanta, wani da idona na gani, wani kuma ita ta ba ni da bakinta, lokutan da muke zaune a tabarma muna gyaran aikin yara ko tsinkar zogale.

An haife ta a wani ƙauye na ƙasar Kelle, a gindin duwatsun Kutus. Mahaifinta Burahima Bahaushen Damagaram ne, manomin gero mai ƴan awaki. Mahaifiyarta kuwa ƴar Mangawa ce, mai saƙar tabarmar kaba. Ta tashi da harshe biyu a baki, lakwal ta ƙara mata Faransanci. Da ta ci jarrabawa aka turo ta kwaleji a Gure, ta sauka gidan wata gwaggonta.

A shekarun nan akwai ɗakin karatu a gidan samari, wato cibiyar matasa, ɗaki ɗaya mai kantoci da benci. Yara suna zuwa don littattafan hotuna. Rumasa'u ta ce ita gudun surfe ne ya fara kai ta. Wata rana ta zaro wani littafi, ta juya bayansa, sai ta ga hoton mace baƙa wuluk, mai wushirya, da ɗaurin kallabi irin na matan kasuwa. Ta kai wa mai tsaron ɗakin, wanda suke kira Mushe yadda ake kiran malamai maza a lakwal.

"Mushe, a kan wannan matar aka yi labarin?"

"A'a, ita ta rubuta shi."

"Ita? Da hannunta?"

"To da hannun wa?"

Kafin ranar, a ganinta littafi kamar mota yake: Turawa ke ƙera shi, maza ke kawo shi. Mutumin ya nuna mata wani kanta a ƙasa inda ƙura ta kwanta. Akwai matan Senegal, da na Kamaru, da na Kodebuwa, har da baƙaƙen matan Amurka da aka juya rubutunsu zuwa Faransanci. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Faransancin wasu ya fi ƙarfinta, takan tsallake shafi guda ba ta gane ba, amma ba ta ajiye ba. Ta ce mini abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne matan da ke cikin littattafan suna fushi, kuma mai rubutun ba ta tsaya ba su haƙuri. Ita kuwa tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin mace ta fara kuka da halinta ba, ba a ce mata "sai haƙuri" kafin ta kai ƙarshe.

Ba ta je lise ba, makarantar da ke gaba da kwaleji. Burahima ya rasu shekarar da ta gama kwaleji, ga ƙanne, ga uwa. Da aka fara ɗaukar malaman kwantaragi sai ta ba da sunanta. Aka tura ta wani ƙauye a ƙasar Bune, kuma a kamiyon da ta shiga zuwa can ta haɗu da Modu, direban da ke ɗaukar kanwa da dabbobi zuwa kasuwannin kan iyaka. Ya zaunar da ita a gaban motar, ya ɗaure mata katifarta a sama, bai yi mata magana ba har suka isa. Bayan sati ya dawo da buhun gawayi, ya ce wai hanya ce ta biyo da shi. Ƙauyen kuwa ba ya kan hanyar ko'ina. Suka yi aure da kaka. Modu allo kawai ya yi, bai san boko ba, amma da ya lura matarsa na son rubutu, duk tafiyar da ya yi sai ya dawo mata da kayye, wato littafin rubutu na ƴan lakwal, da bik, alƙalami shuɗi.

Ƙauyen yana bakin kwari ne. Wanda bai san ƙasarmu ba, kwari wuri ne mai zurfi a tsakanin tuddan rairayi, ruwa kusa, da dabino da goruba da lambuna, tsakiyarsa kuma farar ƙasa inda mata ke kankarar kanwa. Kowace shekara rairayi na gangarowa ya ci wani gefe. Da safe Rumasa'u na koyar da yara a rumfar zana. Bayan la'asar ta tara mata a inuwar goruba tana koya musu karatun Hausa. Gaskiya kaɗan ne suka iya haɗa baƙi. Amma sun samu wurin zama inda ba namiji, sai hira ta ɓarke, Madam kuma, kamar yadda suke kiran ta, ta iya sauraro.

A nan ta fara rubutu. Da Hausa ta yi. Na taɓa tambayarta dalili, tun da littattafan da suka tayar mata da hankali duk na Faransanci ne. Ta ce, "In na yi da Faransanci, wa na yi wa? Su matan nan ko sunansu ba za su ji a ciki ba."

Ta rubuta labarin matar da ta haƙa rijiyar lambu da hannunta, ita da ƴaƴanta mata, har yau kuma ana kiran rijiyar da sunan mijinta. Ta rubuta na tsohuwar da rairayi ya binne wa gona, ta riƙa zuwa tana zama a kan tudun da sandarta, ta ce tana korar tsuntsaye. Ta rubuta na ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari, nata kuwa ko ɗaya bai tsaya ba. Sannan akwai Habsu.

Habsu ce aminiyarta a ƙauyen. Doguwa ce, mai dariya, hannuwanta duk kanwa ta tsattsaga, kuma ba ta da ƙaramin yatsan hagu, lauje ya cire shi tun tana yarinya. Mijinta Abatcha ya tafi Libiya neman kuɗi tana da ciki. Da farko yana aiko saƙo, daga baya shiru. Ɗan da ta haifa ya girma har ya shiga ajin Rumasa'u, ba Abatcha ba labarinsa. Ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Da ta so, da ta je gun alƙali ya raba auren, amma ranar da aka raba dole ta bar lambun mijin da dabinon da ita ta raya, ta kuma bar ɗanta a hannun dangin ubansa. Sai ta zauna.

Wata rana suna zaune su biyu a bakin farar ƙasa, Habsu na tara kanwa a masaki, ta ce, "Madam, in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba?"

"Ina jin ki."

"Duk sallar da na yi, roƙona ɗaya ne. A zo a ce mini ya mutu. In yi takaba kamar kowace mace, ɗana ya gaji lambun, in san ni wace ce." Sai ta yi dariya ta rufe baki da hannu. "Allah ya yafe mini. Kin ji muguwar mace ko?"

Rumasa'u ta ce mata ba mugunta ba ce, gajiya ce. Da ta koma gida ta zauna ta rubuta maganar yadda ta fito, ba ta rage ko kalma ba. Ta sake wa Habsu suna, ta sake wa ƙauyen suna. Yatsan ne ta bari, don a ganinta in ba shi matar ba ta cika ba.

Bayan wasu shekaru aka dawo da ita Gure, a nan muka saba. Allah ya ba su haihuwa uku, biyu suka koma tun suna goye, Huda ce ta tsaya. Littafin kuma ya kammala, kayye cike da jakar hannu. Na karanta shi kafin kowa. Ni ba masaniyar adabi ba ce, lissafi nake koyarwa, amma na san na kai tsakiya na tashi na shiga ɗaki don kada yara su ga idona.

Ta fara neman inda za a buga. A Damagaram masu injin bugu suka ce su katin biki da kalanda suka sani. Wani ya ce ta gwada Kano, wani ya ce can labarin soyayya ake saye. Da hutun ƙarshen shekara ya zo sai ta shiga mota zuwa Yamai, don an ba ta sunan wata ƙungiyar mata da ake cewa tana buga littattafai.

Shugabar wurin, Madam Balkisa, ta karɓe ta hannu biyu. Rumasa'u ba ta taɓa zaginta ba, kullum takan ce matar kirki ce. Ita ma ƴar gabas ce, tana jin Hausa, ta riƙe kayye ɗin kwanaki ta karanta. Da Rumasa'u ta koma biro ɗin, wato ofishin ƙungiyar, Madam Balkisa ta rufe ƙofa ta zauna kusa da ita.

"Ƙanwata, kin iya rubutu. Ban yi barci sosai ba saboda tsohuwar nan mai korar tsuntsaye. Amma bari in gaya miki yadda aikinmu yake. Masu ba mu tallafi ba sa jin Hausa, sai an juya shi Faransanci. Sannan furojen da muke ciki, wato shirin da suka ba mu kuɗinsa, na wayar da kai ne. Kowane labari ana so ya ƙare da mafita. A ce matar ta shiga ƙungiya, ko ta je ta nemi hakkinta ta samu."

"Yaya, ba su samu ba."

"Na sani. Amma a rubuce kina iya sa su samu."

"In na sa sun samu, in sun ji za su ce Madam ta yi ƙarya."

Madam Balkisa ta juya bik a hannunta. Sai ta ce, "Ke feminis ce? Ina nufin, kina cikin masu fafutukar ƴancin mata? Don za a tambaye ni. A rubutunki ban ga inda kika fito kika faɗi matsayinki ba."

Rumasa'u ta ce, "Na san kalmar, na karanta ta tun ina kwaleji. Ban san ko ta kai ni ba. Ni dai abin da na gani ne na rubuta."

Aka ba ta abinci, aka raka ta har bakin titi, aka ce in wani furoje ya zo da ya dace za a kira ta a tarho. Ba a kira ba.

Modu ne ya kawo shawarar rediyo. Ya ce tun da matan ba karatu suke ba, me zai sa a wahala da takarda? Yana da aboki, Jibirilla, mai gabatar da shirin mata a wani ƙaramin gidan rediyo da ake kamawa har ƙauyuka. Jibirilla ya yarda ya ba ta fili ranar Alhamis bayan azahar, ta riƙa karanta labari ɗaya.

Watannin nan su ne mafi daɗi a rayuwarta, ina da tabbaci. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma in ta fara sai ka ji kamar a kunnenka kaɗai take magana. In ka bi unguwa ranar Alhamis za ka ji ta tana fitowa daga gida zuwa gida, ta cikin ƙarar turmi. Mata suka riƙa tsayar da ita a kasuwa. Wata mai sayar da kuka ta kama hannunta ta ce, "Madam, wa ya gaya miki labarina?" alhali ba ta taɓa ganinta ba. Rumasa'u ta yi ƙiba, ta sayi sabon gilashin ido, ta fara wani littafin.

Maza kuwa wasu suka fara gunaguni. Samari masu tarho suka samo kalmar da aka tambaye ta a Yamai, suka mai da ita zagi. In ta wuce sai ka ji, "Ga feminis nan." Abin ya ba ta dariya da farko. Ta ce mini, "Kin ga, can an ce ban kai ba, nan an ce na wuce." Wasu direbobi suka tari Modu a tasha suka ce ya ja wa matarsa kunne. Modu ya ce, "A cikin abin da ta faɗa, wanne ne ƙarya? Ku nuna mini in je in yi mata faɗa." Ba wanda ya nuna.

Labarin Habsu ta ajiye sai ƙarshe, don shi ta fi so. Ta yi imani duk wanda ya ji shi, in yana da ƴar uwa ko suruka a irin wannan hali, kunya za ta kama shi. Ta karanta shi wata Alhamis a cikin bazara. Da ta zo kan maganar roƙon, Jibirilla ma ya ce ya kasa kallon ta.

Ranar kasuwa ta biyu bayan haka, ina gidansu muna shan fura, sai aka yi sallama. Habsu ce. Ban san ta ba a lokacin, amma da na ga hannun na gane. Rumasa'u ta miƙe da murna za ta rungume ta, ta ja baya. Aka shimfiɗa tabarma, ta ƙi zama. Aka kawo ruwa, ta ƙi sha, ga shi ta sha rana.

"Madam, na zo in ga bakin da ya yi maganar ne."

"Habsu, ai na sake miki suna. Garin ma na sake."

Habsu ta ɗaga hannun hagu. "Wannan fa? Mu nawa ne a kwarinmu masu yatsa tara da miji a Libiya?"

A tsaye ta ba da labarin. Uwar mijinta ta ji shirin a rediyon maƙwabta, a gaban mutane. Kafin magariba ƙannen Abatcha sun ɗaure ƙofar lambu da ƙaya. Sun ce macen da ke roƙon ɗan uwansu ya mutu ba za ta ƙara cin dabinonsa ba. Sun ɗauke yaron sun kai gidan kakarsa. Yanzu in ta je rijiya mata na matsawa, yara na kiran ta mai jiran gawa.

Rumasa'u tana kuka ta ce, "Wallahi don a san abin da ake yi muku na yi."

"An sani, Madam. Da ma kowa ya sani, tun ba yau ba. Abin da ba a sani ba shi ne na cikina. Shi kaɗai ya rage mini, shi kika fitar."

"Me zan yi? Faɗa mini ko mene ne."

"Ki mai da maganar inda kika ɗauko ta."

Ta juya ta fita. Rumasa'u ta bi ta ba takalmi har bakin kasuwa, ba ta waiwayo ba.

Sun yi ƙoƙari, ba zan ce ba su yi ba. Modu ya ajiye lodi ya kai ta ƙauyen. Suka zauna gaban mai gari, ya saurare su da mutunci, ya ce maganar cikin gida ce, ba ya shiga. Suka je gun tsohuwar, uwar Abatcha. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ni kullum ina roƙon Allah ya dawo mini da ɗana, ashe a gida ɗaya wata na roƙon kada ya dawo. Ke malama ce, gaya mini wanne Allah zai karɓa?" Suka dawo Gure. Alhamis ta gaba Rumasa'u ta shiga rediyo ta ce labarin ƙirƙira ne, ba wata mace da ta taɓa faɗin haka. A ƙauye ba wanda ya yarda. A Gure kuma aka ce to ashe duk sauran ma ƙarya ce. Ba a daɗe ba Jibirilla ya zo gida, yana sosa ƙeya, ya ce shugabanninsa sun ga ya fi kyau a mai da filin na gaishe-gaishe.

Habsu ta zauna gidan wani kawunta har kaka. Daga nan ta bi wasu mata da ke tafiya arewa, wajen Jado, suna dafa wa masu haƙar zinariya abinci. Sau ɗaya wani ya ce ya gan ta. Bayan haka Rumasa'u ta tambayi duk direban da Modu ya sani a hanyar, shekara da shekaru, ba wanda ya kawo wani abu.

Ba ta ƙara rubutu ba. Ta zuba kayye ɗin duka a akwatin ƙarfe, da wanda ta gama da wanda ta fara, ta tura ɗakin baya. Modu bai daina kawo mata sababbi ba, ita kuma ta riƙa raba wa yaran ajinta. Bai taɓa yi mata maganar ba. Ciwon hanta ya kama shi, ya kwanta damina ɗaya ya rasu. Bayansa idonta ya fara dushewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara. Ta riƙa rubutu a allon aji da manyan baƙaƙe, daga baya ta riƙa sa yara su karanta mata, har dai ta ajiye aikin.

Huda kuwa ta yi ƙwazo, ta kai jami'a, ta zaɓi adabi. Da lokacin memwar ya zo, wato dogon binciken da ake rubutawa kafin a ba da digiri, sai ta ɗauki marubuta mata baƙar fata, da fafutukarsu, da abin da suka bar wa na baya. Ta zo hutu da littattafai cike da jaka. Tana karanta wa uwarta da rana a ƙarƙashin itacen bedi, uwar na gyara mata inda ta yi sauri. Wasu littattafan Rumasa'u ta san su tun tana kwaleji, takan riga ta faɗin abin da zai biyo baya. Na ga fuskarta ta saki kamar da.

Huda ta ce za ta sa babi guda a kan mahaifiyarta. Ta kai wa malamar da ke duba aikinta. Malamar ta ji daɗin labarin, sannan ta tambaya: a ina aka buga, wace shekara, shafi nawa? Huda ta ce ba a buga ba, a rediyo aka karanta. Malamar ta ce to a kawo muryar. Huda ta je gun Jibirilla, wanda ya tsufa ya bar aikin. Ya ce a lokacin kai tsaye ake yi, ɗan abin da aka ɗauka kuma ya tafi da tsohuwar kwamfuta. Malamar ta ce, "Ƴata, ba ƙin ki nake ba. Amma masu jarrabawa za su ce ki nuna. Samo rubutun ki buga shi a na'ura, ko a haka ne sai mu san yadda za mu yi."

Akwatin yana ɗakin ajiyata. Shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa ɗakinsu na baya ya faɗi, maƙwabta suka tono shi daga cikin laka suka kawo mini, Rumasa'u kuma ta ce kada a buɗe. Yanzu Huda ta matsa, uwar ta yarda. Muka fasa kwaɗon da ya yi tsatsa. Wari ya fara fitowa. Takardun sun manne sun zama dunƙule ɗaya, tawadar ta narke ta rina komai shuɗi. Huda ta sa wuƙa tana ɓamɓarowa a hankali, suna karyewa a hannunta. Nan da can ana ganin rabin layi. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Rumasa'u ta ce a miƙo mata. Ta shafa dunƙulen da tafin hannu, ta auna nauyinsa, ta ajiye. "Ashe da nauyi," in ji ta.

Washegari Huda ta zo da wata dabara. Ta ajiye tarho a gaban uwarta ta ce, "Inna, ai labaran suna kanki. Ki faɗa, in ɗauka, in rubuta."

Rumasa'u ta gwada. Ta fara na mai rijiya, ta yi nisa kaɗan, ta tsaya, ta sake farawa, ta sake tsayawa. "Ba haka yake ba. Labarin yana nan, maganar ce ta tafi. Wannan da nake yi hira ce kawai."

"Ko hirar ce, Inna, ta fi babu."

"Kashe abin nan tukuna." Huda ta kashe. "Su waɗannan matan da kike karanta mini, sun tambayi mutanen da suka rubuta a kansu?"

"Ban sani ba, Inna. Ba a faɗa ba."

"Wataƙila garuruwansu manya ne, mutum na iya ɓuya. Ni ban tambayi ko ɗaya ba. Sun zo koyon baƙi ne, suka ba ni cikinsu, na kwashe. Mai rijiya ta rasu, ungozoma ta rasu. Wa zan tambaya yanzu?"

"Amma Inna, in ba ki faɗa ba, shi ke nan kamar ba a yi su ba."

"Na sani. Abin da ya sa na fara ke nan." Ta juya fuska wajen katanga. "Na faɗa, ya yi ɓarna. Na yi shiru, ya ɓace. Ke da kika yi jami'a, in kin gano ta ukun ki zo ki gaya mini."

Huda ta roƙe ta har hutun ya ƙare, ni ma na sa baki, ba ta yarda ba. Memwar ya fita ba babin. Huda ta ci da yabo, aka ba ta aikin koyarwa a wani gari mai nisa a yamma.

Rumasa'u ta rasu da azumin bara, bayan zazzaɓi na ƴan kwanaki. An yi mata jama'a. Tsofaffin ɗalibanta sun zo, har da masu kaki. A zaman makoki aka yi ta faɗin alherinta: mai haƙuri ce, ba ta dukan yara, ba ta taɓa faɗa da maƙwabta ba. Ban ji wanda ya ce ta yi rubutu ba.

Ranar sadakar uku, bayan an sha ruwa an ci abinci da dare, hira ta ɗan saki a ɗakin mata. Aka shiga maganar rairayin da ke cin gonaki. Sai wata baƙuwa daga wajen Gamu, dangin dangi, ta ce wannan ya tuna mata wani labari, na tsohuwar da gonarta ta nutse ta riƙa zuwa korar tsuntsaye a kan tudu. Ta ba da shi da kyau, har da yadda tsohuwar ke riƙe sanda. Wata ta tambaye ta ina ta samo shi.

"A rediyo, da daɗewa. Wani mutumin Kano ne ya rubuta, ina ji. Su ne suka iya irin wannan."

Huda ta ɗago kai za ta yi magana. Wata gwaggonta ta dafa mata gwiwa, ta ce a hankali, "Ba wurinsa ba ne, ƴata." Aka shigo da wani kwanon, aka koma maganar tsadar gero.

Huda ta koma bakin aikinta bayan sati. Gidan an ba wani jandarma haya, shi da iyalinsa. Mutanen kirki ne, muna gaisawa ta kan katanga.